Gajeren Fil da Barguna Arba'in

Ranar sunan ɗan 'yata Safiya, ina zaune a tsakar gida ana rabon waina, na ji yayarta Hauwa tana ba wata baƙuwa labarin yadda na fara sana'ar bargo. Ta yaba ni iya yabo, sannan ta ce ai da tuni mun yi nisa, ba don wata maƙwabciyarmu ta yi sakaci ta jawo mana asarar babban aiki ba. Ban tanka ba saboda idon mutane. Ba laifinki ba ne, Hauwa, abin da kika tashi kika ji ana faɗa a gidan nan shi kika maimaita. Amma maganar ba haka take ba, kuma ni ce na bar ta ta zauna a karkace fiye da shekara ashirin. Don haka a nan zan tsallake abubuwa da yawa in tsaya a kan shekara guda, shekarar da aka rufe masaƙarmu ta Challawa.

Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen ɗinki na masaƙar, muna kalmasa bakin zanin gado. Keken da ke kusa da nawa na Ladi ne, wadda kuka sani da Maman Dauda. Ita da mijinta Bulus mutanen kudancin Kaduna ne, suna haya a gidan da ke jikin katangarmu a Panshekara. Tare muke fita da safe, tare muke dawowa, in ɗaya ta manta abincinta a ci na ɗaya. Ranar da muka je muka tarar an garƙame get da kwaɗo, tare muka tako da ƙafa har gida. Ina da cikin Safiya a lokacin. Babanku yana kamfanin fata, su ma an mayar da su aikin kwana uku a mako, kullum ya dawo sai ya ce an ce wata mai zuwa za a sake rage mutane. Kakarku Iya tana tare da mu, ƙafa ta fara hana ta fita. Gidan ya zama in aka ji sallama sai gaban kowa ya faɗi, don ba a san wane labari ne ya zo ba.

Ladi ce ta kawo shawarar bargo. A zumuntar mata ta majami'arsu ta koya. Akwai wani kamfanin ɗinka riguna a Sharada da ke sayar da guntayen yadi a buhu, sai mu tsince masu kyau, mu yanka su daidai, mu haɗa su su zama fuska. A ƙasa a sa yadi mai laushi, a tsakiya a shimfiɗa ciko na auduga mai kaurin yatsa. Wahalar aikin ita ce abubuwan nan uku ba sa zama wuri ɗaya, da an hau keke sai su zame, fuska ta yi gabas ƙasa ya yi yamma. Dole sai an kama su da fil daga tsakiya zuwa baki kafin allura ta taɓa su. Ladi tana da nata fil, dogaye masu kan roba, ja da rawaya da shuɗi, da wani ƙaramin matashin auduga da take soka su a kai layi-layi. Ba ta yarda bargo ya bar hannunta sai ta ga kowane layi ya cika. Nakan tsokane ta in ce ta fi malamin makaranta kiran suna. Muka yi 'yan watanni muna sayar wa matan unguwa, na haihu, muka ci gaba, Safiya a goye a bayana.

Bulus shi ne mai kula da sito a wani ƙaramin kamfani a Bompai da ke shirya kayan jarirai, riga da hula da tawul a leda ɗaya, a kai shaguna. Shi ya yi mana magana da Hajiya mai kamfanin, ta ce a kawo samfur ta gani. Ni na goge samfurin da dutsen guga na gawayi, kuma garin gyara wani ɗinki dutsen ya taɓa kan fil guda, robar ta narke ta bar jan ɗigo a farin yadi. Na kankare iya ƙoƙarina, na ce ba za a lura ba. Da muka je ofis, Hajiya ba ta ce mu zauna ba. Ta ɗauki bargon ta je bakin taga ta ɗaga shi sama, haske ya ratsa ta 'yan hujojin da fil ya bari. Ta sa farce a kan jan ɗigon.

"Ɗinkin ya yi," in ji ta. "Amma ni kayana ba sa fita da huji, ba sa fita da tabo. Ku kawo arba'in nan da kwana goma. In na ga irin wannan a ko guda ɗaya, ku koma da su duka."

Kunyar da na ji a wurin nan ba ta faɗuwa, domin na san tabon nawa ne. Duk hanyar dawowa tagar nan kawai nake gani da hasken da ke bi ta hujojin. Washegari na ce da Ladi ta fara yanka, ni zan shiga kasuwa in nemo fil ɗin da ya dace.

Akwai wani dattijo a kasuwar Kwari mai sayar da zare da allura da zif, shi na nufa. Da na faɗa masa abin da nake so, ya zubo iri huɗu a tafin hannunsa yana nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Na farko irin na Ladi ne, ya ce kowa ya san halinsa, ba ya shiri da dutsen guga. Na biyu irin wanda ake kama takarda da shi a ofis, ya ce wannan kar ma in kalle shi, kauri ne da shi, kuma da damina ta shigo sai ya yi tsatsa ya ɓata yadi. Na uku dogo ne siriri, kansa na gilashi, wuta ba ta narka shi, sai dai ƙaramin kwali ɗaya ya rage masa, sauran sai mako mai zuwa. Na huɗu gajere ne, bai kai gaɓar yatsa ba, siriri kamar gashi, kansa bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce wannan masu ɗinka mayafi da leshi ke saye. Ya soka shi a wani farin ƙyalle ya zare, ya miƙo mini. Na ɗaga ƙyallen sama kamar yadda Hajiya ta yi, ban ga komai ba. Nan take raina ya kwanta da shi. Dattijon ya tambaye ni me nake ɗinkawa, na ce kayan jarirai ne, yadi mai laushi. Ban ambaci ciko ba.

"In mai kauri ne, 'yata, ki ɗauki dogon, ko da kwali ɗaya ne ki riƙa juya shi," ya ce. "Gajeren nan nutsewa yake yi."

Na ji shi sarai. Ina so ku riƙe wannan, na ji shi. Na ce ya ba ni gajeren kwali uku.

Da na kawo, Ladi ta ɗauki guda ta soka a ciko ta danna da yatsa, fil ya shige har kansa ya ɓace. Ta ɗago ta dube ni.

"Maman Hauwa, wannan in ya shiga wa zai gan shi?"

Na ce ni zan gan shi. Na ce ita ta tsaya a kan keke, kamawa da cirewa da guga duk nawa ne, ba ruwanta. Ta ce to mu riƙa jera su a matashi yadda muka saba. Muka gwada a bargo na farko, abin ya gagara, domin gajartarsu ta sa kowane bargo yana cin ninki biyu na abin da muka saba sakawa, kuma yatsa ba ya kama su da sauri. Kwana goma ne a gabanmu. Na samo gwangwanin madara na ce a nan za mu riƙa zubawa. Ladi ta koma kan kekenta. Damina ce, hadari ya wuni a sama, ɗakin babu haske sosai, Safiya tana wata huɗu tana yawan neman nono. Nakan shafa bargo da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa, in na ji babu abin da ya soke ni sai in goge in sa a leda. Ranar ta goma da hantsi muka gama, har da ƙarin guda ɗaya wanda kusurwarsa ta karkace, na ce wannan na Safiya ne. Da muka kai, Hajiya ta zaro biyu ta ɗaga a taga, ta gyaɗa kai, ta ce wata mai zuwa za ta so ɗari. Bulus ya sa hannu ya karɓa bai buɗe sauran ba, don ya san matarsa, ya san ni. Ranar har nama aka sa a miya a gidan nan.

Kwana huɗu bayan haka, da safe, na yi wa Safiya wanka na shafa mata mai, na shimfiɗa sabon bargonta a kan tabarmar Iya na kwantar da ita. Ban kai ga zubar da ruwan wankan ba na ji ta ƙwalla wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Iya ta ce kunama ce, ta hau kakkaɓe tabarma. Na ɗauki yarinya na juya ta, sai ga ɗigon jini a bayan cinyarta. Na danna bargon a daidai wurin, tsinin fil ya leƙo ta cikin yadi. Na zare shi. Ban san lokacin da na ɗauko almakashi na farke bargon gaba ɗaya ba. A cikin audugar na sami wasu biyu, sun kwanta a gicciye, shi ya sa tafin hannuna bai ji su ba. Uku a bargo ɗaya. Na zauna a ƙasa ina kallon su a tafin hannuna, ina ƙoƙarin tuna nawa na zuba a gwangwani, nawa na cire, na ga babu yadda za a yi in sani. Arba'in suna can waje. Jaririn da aka haifa jiya fatarsa ba ta kai ta Safiya ƙwari ba, kuma ba cinya kaɗai ake ɗorawa a kan bargo ba. Na tuna maɗiga, na tuna ido.

Ranar babanku ba shi da aiki, yana gida. Iya ta ce a rufe maganar, wanda ya tsare tamu zai tsare na wasu, kuma wa ya ce sauran ma akwai a ciki? Ta ce dama ita tun farko ba ta so mace mai goyo tana yawon kamfanoni ba. Babanku kuwa sai ya tuna mini cewa kamfanin nan ba shi da nisa da hedikwatar 'yan sanda, kuma in Hajiya ta ga dama, daga ofishinta can za a wuce da ni, da goyo a baya. Ya ce shi ba shi da wanda zai tsaya masa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, na ji yana kwance wani abu. Ya fito da lasifikar tsohuwar rediyonsa, ya ɓalle maganaɗisun da ke bayanta, ya kusantar da shi ga fil ɗin nan uku, suka yi tsalle suka manne.

"Ban ce ki je ba, ban ce kar ki je ba," ya ce. "In za ki je, ki tafi da wannan."

Na leƙa ta katanga na kira Ladi. Na nuna mata bargon da cinyar Safiya. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta koma ta sauke tukunyar da ke kan wuta, ta ɗaura ɗankwali, ta ce in tashi mu tafi.

Daga Panshekara zuwa Bompai sai ka keta gari gaba ɗaya. A cikin bas nake ta shirya abin da zan faɗa: ni na zaɓi fil, an gargaɗe ni har sau biyu, ni ke cirewa. Na maimaita shi ya fi a ƙirga. Muka sauka muka ratsa tsakanin tireloli da taɓo har bakin kamfanin. Hajiya tana zaune da wani baƙo, ta sallame shi. Na ajiye farkakken bargon da fil uku a kan teburinta, na ce mun zo ne a dakatar da kayan. Ta kalli fil ɗin ta kalle mu, fuskarta ta canza, ta aika a kira Bulus. Ya shigo yana murmushi don yana zaton maganar ɗarin nan ce. Hajiya ta ɗora hannu a kan wayar ofis, ba ta ɗaga ba, ta dai ɗora.

"Wace ce ta ɗinka a cikinku?"

Idona yana kan hannun nan nata. Duk abin da na shirya a bas ya gudu. Na ji bakina ya ce:

"Maman Dauda ce a kan keke."

Ba ƙarya na yi ba, ita ce a kan keke. Amma na san abin da Hajiya za ta fahimta, kuma shi ta fahimta. Ta juya ta ce wato mata ta ɗinka da sakaci, miji ya karɓa bai duba ba. Ladi ta dube ni sau ɗaya, ba harara ba, kallon wanda yake jira ka ƙarasa magana. Ban ƙarasa ba. Ita ma ba ta ƙarasa mini ba.

Ashirin da bakwai suna sito ba su fita ba. Muka baje su a kan kwalaye, ina jan maganaɗisu a hankali, Ladi tana bi da yatsu tana murza audugar. In an zo inda fil yake sai ka ji yadin ya ɗan ɗago kamar mai numfashi. A guda tara muka samu. Duk wanda aka zaro sai leburorin siton su ja tsaki, ni kuwa sai in ji kamar a jikina aka zare shi. Hajiya ba ta kira 'yan sanda ba. Ta sa aka rubuta mana shagunan da aka kai sauran goma sha uku, ta ce mu dawo mata da su ko mu kawo shaidar mun duba. Kafin mu fita na ji tana ce da Bulus ya ajiye makullan sito a kan tebur.

Kwana shida muka yi muna yawo, ni da matar da na yi wa haka. Kullum da safe ita ke fara ƙwanƙwasa mana ƙofa. A bas muna zama kafaɗa da kafaɗa, in Safiya ta dame ni ita ke karɓa. Sau da yawa nakan buɗe baki in ce Maman Dauda, ta ce na'am, sai in tambaye ta ko ta san kwanar da za mu sauka. Takwas muka tarar a shaguna ba a saya ba. Huɗu an saya, amma masu shagon sun san gidajen. Uku a cikinsu iyayen ba su ma buɗe leda ba, wata haihuwar ma ba ta zo ba. Ta huɗu a Hotoro take. Muka yi sallama, wata dattijuwa ta shigar da mu ɗakin mai jego, tana zaton 'yan barka ne. Yarinya ce ƙarama, haihuwar fari, kwana tara. Jaririn yana barci a tsakiyar gado a kan bargonmu, na gane shi, ni na zaɓi shuɗin ƙyallen da ke bakinsa. Ladi ce ta gaishe su, ta ce don Allah a ba ta jaririn ta gani, ta sa hannu biyu ta ɗaga shi tsaye sama ba tare da ta ja shi ba, ta rungume. Sai a lokacin na iya bayani. Na ja maganaɗisu a gaban idonsu, layi ɗaya, layi biyu, babu komai, har na fara jin sanyi a raina. A layi na biyar yadin ya ɗago. Bai fi faɗin yatsa uku ba daga inda kan yaron ya lotsa audugar. Mai jegon ta karɓi ɗanta, ta tuɓe shi tana duba shi gaba da baya, ba ta ƙara kallonmu ba. Dattijuwar ta naɗe bargon ta miƙo mana, ta rako mu har zaure.

"Allah ya saka muku da kuka zo," ta ce. "Amma kar in ƙara ganin ƙafarku a gidan nan."

A bakin titi na durƙusa na yi amai. Ladi ta sayi ruwan leda ta wanke mini fuska.

Talatin da tara ke nan. Na arba'in wani mai shago ne a Kwari ya sayar wa wata 'yar kasuwa da ke zuwa sari daga wajen Maraɗi. Bai san sunanta ba, ya ce takan zo sau biyu ko uku a shekara, wani lokaci kuma a daɗe ba a gan ta ba. Ya kwatanta mana ita, doguwa, mai haƙorin Makka. Muka je tashar da motocin can ke lodi kwana biyu a jere muna tambayar direbobi da 'yan kamasho, kowa ya ce dogayen mata masu haƙorin Makka ai sun fi a ƙirga. Na bar saƙo a wurin mai shagon, na riƙa komawa duk wata har shekara ta zagayo. Matar ba ta ƙara zuwa ba.

A gida kuwa, ranar da muka dawo daga Bompai Iya ta tambaye ni yadda aka yi, na ba ta labari har da amsar da na ba Hajiya, a yadda na ba ta. Iya ta ce dama ta sani. Daga nan maganar ta fita zuwa maƙwabta, ta dawo ta zauna a gidan nan a matsayin gaskiya. Na ji tsoron gyarawa, don na san ranar da Iya ta ji ni ce, ranar za a sayar da kekena. Babanku ya sani, shi na faɗa masa komai. Ya ce in je in gyara a wurin Hajiya ko Bulus zai koma aikinsa. Na yi mako uku ina cewa gobe. Da na je, na faɗa mata tun daga dattijon Kwari har gwangwanin madara. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce da a ranar na faɗa, da wataƙila dakatar da shi kawai za ta yi, amma yanzu ta riga ta ba wani makullan, kuma ko ma wa ya bar fil, Bulus ne ya sa hannu.

Bulus ya yi wata biyar yana zaga Sharada da Challawa da takardunsa a leda. Shekarar kowane get ka je kora ake yi ba ɗauka ba. Bayan girbi suka yanke shawarar komawa gida ya kama noma. Ranar da suke ɗaure kaya na shiga na tarar da Ladi tana naɗe labule. Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi wa sa'ata ba, na ce ta yafe mini abin da na faɗa a ofis. Ta kama ni ta tashe ni.

"Na ga idonki ranar, tsoro ne," ta ce. "Wannan na yafe tun a bas. Abin da ya fi mini ciwo Iya ce. Shekara goma ina shigowa gaishe ta, yanzu in na gaishe ta sai ta juya kai. Ki faɗa mata, ko bayan na tafi ne."

Na ce zan faɗa. Iya ta yi shekara huɗu bayan nan kafin Allah ya karɓi abarsa, ni na yi jinyarta, ni nake juya ta a kan gado, kuma ban faɗa ba. Wannan ba ni da abin da zan kare kaina da shi, ba kuma zan nema ba.

Na koma wurin dattijon nan na sayi dogon mai kan gilashi, na ɗinka matashi irin na Ladi. Ku da kuka yi aiki a shagona kun san dokar: a zaɓi fil da kaurin abin da za a kama, ba da idon mai saye ba, kansa ya zama kalar da ba ta cikin yadin, in layi bai cika ba, ko mai kaya yana tsaye a ƙofa, bargo ba ya fita. Kun sha cewa na cika tsanani. Ba ni na ƙirƙiro ba, tsarin Maman Dauda ne, wanda na yi wa dariya.

Mun yi shekaru babu labarin juna. Bayan waya ta yawaita, Dauda ya zo Kano wani aiki, ya nemi gidan nan, ya karɓi lambata. Wata ranar Asabar da la'asar ina cikin yanka sai ga kira. Muryarta ta tsufa, amma tana cewa Maman Hauwa na gane ta. Muka gaisa, na tambayi Baban Dauda, ta ce yana gona, gwiwa ce dai ke damun sa. Ta yi mini ta'aziyyar Iya da ta babanku. Ina ta jiran ta tambaye ni ko na cika alkawari. Ba ta tambaya ba. Sai ta ce:

"An sami na arba'in ɗin?"

Na ce ba a samu ba. Na ce ban san ko akwai fil a cikinsa ko babu ba, kuma har yau in na ga saurayi ko budurwa da tabo kusa da ido sai na tsaya ina lissafin shekaru. Ta ce ita ma haka, ba ta taɓa shiga majami'a ta fito ba ta ambaci yaron nan ba, ko da yake ba ta san mace ce ko namiji ba. Na ce ni ma ban taɓa sallame salla na manta da shi ba.

"To shi ke nan," in ji Ladi. "Ki riƙe Juma'a, ni in riƙe Lahadi. Duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ta haɗa duka biyun."